Ƙanena yana shan ƙwaya, kuɗin gidan gyaran hali babu: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 24 ne, yana tuƙa adaidaita sahu a nan Kano. Kusan shekara biyu ke nan yana shan tiramol da safe, da dare kuma ya sha roche ko D5 kafin ya samu barci. Ya taɓa faɗuwa sau ɗaya yana jijjiga. Ni ke ɗauke da gidanmu da ɗan cinikin da nake yi a Kantin Kwari, kuɗin da gidajen gyaran hali masu zaman kansu suke nema kuwa ya fi ƙarfina. Mahaifinmu ya ce ko a kai shi gidan mari, ko a kulle shi a ɗaki har abin ya fita daga jikinsa. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya. Saƙon farko da za ka kai wa Baba, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, shi ne kulle yaron nan a ɗaki a yanke masa ƙwaya farat ɗaya zai iya zama ajalinsa. Ƙwayoyin da ka ambata gida biyu ne, kuma kowanne da yadda ake rabuwa da shi.

Tiramol dangin kodin ne. Wanda jikinsa ya saba da shi, idan ya daina, cikin awa 12 zuwa 24 zai fara hamma, hawaye da majina su riƙa zuba, ga gumi, ciwon baya da gaɓoɓi, murɗawar ciki, amai da gudawa. Ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace masa. Abin yakan kai maƙura a kwana na biyu da na uku, sannan ya lafa tsakanin kwana biyar zuwa goma. Wahala ce ta gaske, sai dai da wuya ta kashe matashi mai lafiya matuƙar ba a bar ruwan jikinsa ya ƙare ba. Tiramol yana da wani ƙari da kodin ba shi da shi, domin yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda maganin ciwon damuwa yake taɓawa. Shi ya sa wasu kan firgita, su ruɗe, ko su ji kamar ana fizgar su da lantarki a cikin kai.

Roche da D5 kuwa su ne wajen haɗarin. Aikinsu danne ƙwaƙwalwa, ita kuma idan ta daɗe a danne sai ta ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki. Ranar da aka janye ƙwayar farat ɗaya, wutar nan tana nan, mai danne ta babu. Abin da ke biyo baya shi ne rawar jiki, bugun zuciya, gane-gane da jijjiga, kuma ba lallai ba ne a rana ta farko. D5 yana daɗewa a jiki, don haka sai mutum ya yi kwana huɗu ko mako guda gida na murna an rabu da bukar, sannan ya yanke jiki ya faɗi. Ga ƙanenka abin ninki biyu ne. Shi kansa tiramol yana jawo jijjiga idan ya yi yawa: likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a awa 24, alhali na kan titi guda ɗaya 200 ne ko 225 ko 250. Wanda ya haɗiyi biyu da shayin safe ya riga ya kai iyaka ko ya haure ta. Ƙwayar daren ce take ɗan rufe wannan haɗari, saboda haka mafi muni shi ne a hana shi ta dare yana ci gaba da ta safe. Wasu kuma da ake sayarwa da sunan tiramol yanzu ba ma shi ba ne a ciki, haɗin wasu magunguna biyu ne masu ƙarfi, abin da ke rubuce a jikin kwalin ba abin dogaro ba ne.

Maganar gidan mari ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Abin da aka bankaɗo a 2019 a Rigasa ta Kaduna da Daura da nan Kano kowa ya gani: sarƙa a ƙafa, tabon bulala, yunwa. Babu likita a ciki, babu wanda zai gane jijjigar da ke tafe, kuma yaro yakan fito da ƙullin iyayensa a zuciya, wanda shi ne abin da ya fi wahalar gyarawa daga baya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai irin wannan larura haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne ainihin tambayarka. Mutane da yawa sun ɗauka magani yana nufin a kwantar da mutum wata uku a bayan katanga. Ba haka ba ne. Mafi yawan masu shaye-shaye ana iya yi musu magani suna zuwa asibiti suna komawa gida. A ganina babban kuskuren da gidaje ke yi shi ne su sayar da fili ko keken ɗinkin uwa su biya kuɗin kwanciya, yaro ya fito fes, ya tarar babu ko sisin da ya rage na komawa ganin likita, babu sana'a, ga majalisar tasa tana nan inda ya bar ta. Fitar da ƙwaya daga jiki aikin 'yan makonni ne zuwa 'yan watanni. Hana ta dawowa aikin wata shida ne zuwa shekara. Ɗan abin da kake da shi ka shimfiɗa shi a kan watannin nan.

Wurin farawa shi ne likitan ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati: sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a hanyar Katsina. Na san idan aka ce wa Bakano za a kai shi Dawanau me zai ji. Ka ce masa za ku je ne a duba faɗuwar da ya yi da rashin barcin da ke damunsa, kuma ba ƙarya ka yi ba, su ne farkon abin da likita zai duba. Hukumar NDLEA ma, ban da masu kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, da layin waya na kyauta 0800 1020 3040 da ake amsawa dare da rana, har da Hausa.

Kafin ku tafi ku zauna ku rubuta abu biyar a takarda: sunan duk abin da yake sha, har da wiwi, sholisho, benalin ko ezol in akwai; guda nawa a rana; ƙarfe nawa; tun yaushe; da ranar da ya yi jijjigar da abin da ya sha kafin nan. Ku tafi da ɓawon ƙwayar da babu komai a ciki. Ka roƙe shi ya faɗi adadin gaskiya, domin kusan kowa ragewa yake yi don kunya. Wanda yake shan shida ya ce biyu, likita zai tsara masa ragewa daga biyu, kwana uku jiki ya ƙi, ya koma wajen dila, gida kuma a ce maganin asibiti ba ya aiki. Idan yana jin nauyinka, ka fita ka bar shi da likitan.

Abin da likita yakan yi da masu shan roche shi ne ya mayar da su kan diazepam na asibiti, wato maganin da ake kira D5, a ma'auni sananne, sannan ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, sau da yawa kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin huɗu duk mako ɗaya ko biyu, gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Baba zai iya cewa ai an ƙara masa ƙwayar ce kawai. Ka yi masa bayanin cewa wanda ya hau saman bene ta matakala ake sauko da shi, ba a turo shi ta taga. Wanne za a fara ragewa, tiramol ko ta dare, wannan hukuncin likita ne, kada mai kemis ya yanke muku. Maganin kuma kada ya zauna a aljihun mai shan sa. Mutum ɗaya a gida ya riƙe, a akwati mai makulli, ya ba shi na lokaci ɗaya ya ga ya haɗiye. Ku karɓi na mako ɗaya ko biyu kawai. Ka gaya wa likita kai tsaye cewa hannunka bai kai ba, ya rubuta magani da sunansa na asali maimakon sunan kamfani mai tsada, ya kuma faɗa maka gwajin da ya zama dole yau da wanda zai iya jira. Likitoci sun saba jin wannan magana.

Akwai inda kwanciya ta zama dole ko da bashi za a ci: idan jijjigar ta maimaitu, idan ya fara jin muryoyi ko zargin ana binsa ko ana sa masa guba a abinci, idan ya ambaci kashe kansa, idan ya ɗaga makami a kan wani, ko kuma babu babban da zai iya zama da shi a makon farko. A irin wannan hali kwanciyar mako ɗaya ko biyu a asibitin gwamnati ta fi wata uku a wurin da babu likita. Ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ka kai kukanka a rubuce.

Idan an sallame ku gida, makon farko yana buƙatar abubuwa masu araha. Ruwan gishiri da sukari shi ne kan gaba: ƙulli ɗaya na kemis a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ko a haɗa a gida da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko yana amai. Farasitamol na miligiram 500 guda biyu don ciwon jiki, kada a wuce sau huɗu a yini da kwana. Koko, kunun tsamiya, fate, ayaba, duk abin da ciki zai riƙe. Wanka da ruwan ɗumi da matsa masa ƙafafu suna rage tsukun dare. Shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari a ajiye su daga azahar. Ku sani barci shi ne na ƙarshen dawowa, yakan ɗauki makonni, kuma ƙarfe biyun dare da ido biyu ita ce sa'ar da aka fi komawa ruwa. A sa wani ya kwana ɗaki ɗaya da shi. Fiya-fiya, maganin ɓera da ragowar magungunan gida a fitar da su daga inda hannunsa zai kai, domin baƙin ciki mai nauyi yakan sauko a kwanakin nan.

Kowa a gidan, har Umma da ƙanne, ya san abu biyu na gaggawa. Idan ya faɗi yana jijjiga, a janye abin da zai buge shi, a sa masa tsumma a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Idan ta lafa a juya shi kan gefensa. Ta wuce minti biyar, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, sai asibiti. Na biyun shi ne ƙwaya ta yi masa yawa: an girgiza shi an kira sunansa bai motsa ba, yana wani irin minshari mai kama da shaƙewa, numfashi bai kai sau goma a minti ba, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, leɓe da farce sun yi toka-toka. Wannan ba barci ba ne da za a ce a bar shi ya huce. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, huhu za su tafi. A kwantar da shi kan gefe, a ɗaga haɓarsa, a nufi sashen gaggawa mafi kusa, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a faɗa musu abin da ya sha ba ɓoye-ɓoye. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin dangin kodin, amma aikinta minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar kuwa ta fi ta daɗewa a jiki, saboda haka ko ya farka ya ce a tafi gida kada a yarda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Sai mu zo kan abin da ya sa yake sha, domin idan ba a taɓa nan ba duk na sama ɓata kuɗi ne. Ɗan adaidaita ba don nishaɗi yake fara tiramol ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Dole ya cire kuɗin mai, ya cire balas ɗin mai keke, ya cire na haraji, kafin ya ga nasa, fasinja kuma sun koma takawa da ƙafa. Sai ya ƙara awanni, daga asuba har goman dare. Ƙwayar tana kashe gajiya da ciwon baya, tana kuma kashe yunwa, ga ta ta fi kwanon abinci araha a farkon lamari. Da dare jiki ya ƙi kwanciya, sai a nemo roche. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki dangin tiramol, a jihar Kano kuma kashi 16 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sama da mutum miliyan ɗaya. Tun kafin wannan tsadar ke nan. Ka faɗa wa Baba wannan, ko zuciyarsa ta ɗan sauka daga ganin gidansa kaɗai aka jarabta.

Magana mai ɗaci ita ce wanda ya yi jijjiga kuma yake kan waɗannan ƙwayoyi bai kamata ya ɗauki fasinja ba sai likita ya ce ya koma. Ran mutane ne a bayansa. Amma kada a karɓe keken a bar shi zaune, zaman banza da aljihu wayam ya fi komai saurin mayar da shi. Ka je wajen mai keken da kanka kafin ya ji a bakin wasu, ku daidaita a ba wani amintacce ya riƙa ja na wata biyu ko uku, a ajiye wa ƙanenka gurbinsa. Shi kuma ka ja shi Kwari, ko ɗaurin dila ne da kai kaya tasha, ku fita tare ku dawo tare. Ranar da zai koma tuƙi, a yanke awannin, ya karya kumallo kafin ya fita, ya tsaya da azahar ya ci wani abu, ya kuma sauya tashar da yake tsayawa idan a nan mai sayar masa yake. Ciwon bayan ma a faɗa wa likita, ciwo ne na gaske.

Wata dabara da ke aiki: ku zauna da biro ku lissafa abin da yake kashewa a ƙwaya kullum, ku ninka sau 30, shi da kansa ya faɗi kwano nawa na masara ke nan a kasuwar Dawanau ko Singa. Kada ka yi masa wa'azi a kai, lissafin ya isa. Daga nan ku yi yarjejeniya cewa kuɗin da ya tsira duk mako ana ajiye masa a hannun Umma ko a adashe da sunansa, don wani abu da shi yake so, waya ce ko kuɗin zuwa koyon gyaran sola. Ƙaramar lada da ake gani kusa-kusa, duk Juma'a misali, tana cikin hanyoyin da masana suka tabbatar suna riƙe mutum a kan magani.

A gida kuwa a daina ba shi tsabar kuɗi, amma kada a hana shi tuwo. A saya masa abin da yake buƙata, kuɗin motar asibiti a riƙe a hannun mai raka shi. Bashin da ya ci wajen dila kada ka je biya da kanka, ka zama sabon abokin ciniki ke nan. Idan ya ɗauki kayan gida ya sayar, a faɗa masa an sani, a sa ya biya a hankali, ba a tara masa 'yan unguwa ba. Gidan kuma ya zama baki ɗaya, domin in kai ka hana Umma tana miƙa masa a ɓoye don tausayi, an yi ba a yi ba.

Yadda ake masa magana yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ba a yi lokacin da yake cikin maye, ba a yi gaban ƙannensa, ba a yi da taron dangi. Mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu, bayan ya ci abinci. Ka faɗi abin da idonka ya gani: "Ranar da ka faɗi a soro na ɗauka mun rasa ka." Sannan ka tambaye shi me ƙwayar take yi masa, ka yi shiru ka saurara. A daina kiransa ɗan ƙwaya, a kuma roƙi iyaye su kiyaye harshe, kada zafin rai ya sa a yi masa baki. Addu'a da sallar jam'i da zama kusa da malamin kirki suna da babban gurbi, suna cike lokaci suna sauya abokai, sai dai malamin da zai ce a zubar da maganin asibiti a koma rubutu kaɗai ba shi za ku bi ba.

Wajen neman agaji, mai cewa "a taimaka mana" yakan dawo hannu rabbana. Ka nemi abu ƙayyadadde da takardar asibiti a hannu: kuɗin maganin wata ɗaya, ko kuɗin motar zuwa asibiti sau shida. Ka gwada ubangidanka a kasuwa, kwamitin masallacin unguwa, kawunnai, da Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha. 'Yan'uwa marasa kuɗi su ba da lokaci: wannan ya raka shi asibiti, wancan ya kwana da shi, don kada kai ka rufe rumfa kullum cinikin da ke ciyar da gidan ya mutu.

Wasu gidaje kan sayi kofin gwajin fitsari don su riƙa bincikarsa. In za ka saya ka duba da kyau, domin da yawansu ba sa gano tiramol sai in an rubuta shi daban a jiki, kuma ƙwayar takan ɓace daga fitsari cikin kwana biyu zuwa huɗu, wiwi kuwa kan kai wata guda ga mai yawan sha. Idan kuɗi ya yi kaɗan, ganin likita ya fi kofin.

Ka kuma shirya wa komawa ruwa tun yanzu, ka shirya Baba ma. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu magani sukan sake sha aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da yadda masu hawan jini ke sakin maganinsu. Haɗarin a nan yake: bayan mako biyu ko uku ba ya sha, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, idan ya haɗiyi irin na da zai iya ɗauke masa numfashi. Ka faɗa masa wannan ƙarara tun yana lafiya, ka ƙara da cewa haɗa tiramol da roche ko benalin a zama ɗaya shi ya fi kisa, kuma kada ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai. Ranar da ya zame, ba a kore shi ba, ba a fasa ajiyar da ake yi masa ba. A tambaye shi ina, da wa, me ya faru kafin nan, a rubuta, a koma wajen likitan da ya san shi cikin makon ba sai ranar da aka ba ku ta zo ba.